Ranar da Na Hana Mamanku Waƙa a Afisa

Ni ne na yi laifi, ba jagorar ba. Na fara da wannan ne don kada wani a cikinku ya karanta rabi ya ajiye, ya ci gaba da riƙe tsohon labarin. Kun daɗe kuna jin ina cewa wata mata 'yar Turkiyya ce ta ɓata mana lokaci har mamanku ba ta yi waƙarta a Afisa ba. Ba haka aka yi ba. Matar nan ta yi aikinta yadda ya kamata, har ta yi fiye da aikinta. Yayarku Talatu ta san gaskiya domin tana wurin, amma tarbiyyar da muka yi mata ba ta bar ta ta ƙaryata ubanta a gaban mutane ba. Ku sauran daga bakina kuka ji, don haka daga hannuna ya kamata ku karɓi gyara. Karatuna bai wuce firamaren mishan ba, ku yi haƙuri da rubutun, ku dubi maganar.

A shekarar da nake magana damina ta yi kyau, audugata ta gonar rafi ta fara buɗewa, ina ta shirin masu tsinka. A daidai lokacin Talatu ta bugo waya daga Ingila, inda take aikin jinya, ta ce ta gama shiri za ta kai mu yawo a jirgin ruwa, irin wanda ake kwana a ciki, yana tsayawa gari-gari a bakin teku. Na ce mata ni ruwan da na sani bai wuce dam ɗin Mairuwa ba, kuma ba a barin auduga tana buɗewa a tafi kallon ruwa. Ba ta yi gardama da ni ba. Sai ta ce a ba mamanta wayar, ta shiga lissafa mata garuruwan da jirgin zai tsaya. Mamanku tana tuƙa tuwo, wayar tana kan kujera kowa na ji. Da aka zo kan wani suna sai muciya ta tsaya.

"Me kika ce? Afisa?"

"Afisa, Mama."

"Afisa ta coci? Wadda ake karanta mana? Ashe tana nan a duniya?"

"Tana nan, sai dai kufai ce, ba kowa a ciki. Amma tituna suna nan, da babban dandalin nan inda maƙeran azurfa suka tara gari ana ta ihu a kan masu wa'azi. Ana shiga har ciki."

Daga wannan rana magana ta fita daga hannuna. Kun san mamanku ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata tun kuna goye. Kafin mako ya zagayo mata sun zauna sun yanke shawara: za ta ɗauki waƙar nan tasu da aka haɗa a ƙauyenmu, wadda ba a yin ta a ko'ina sai a cocinmu, ta tsaya a tsakiyar dandalin Afisa ta rera, Talatu ta ɗauka a waya a kawo musu. Inda aka yi wa bishara ihu, a ji muryar matan ƙasar Malumfashi. Suka ɗinka mata sabon zanen zumunta, suka rako mu har bakin titi suna kiɗan tulu da caki. Uwar zumunta, Mama Asabe, ta kama hannuna ta ce, "Malam Dauda, amanarmu ce ka ɗauka." Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Abu ɗaya ne damuwa, gwiwar mamanku ta dama. Tana tafiya, amma a hankali, kuma sai ta riƙa hutawa.

Jirgin ba zan iya kwatanta muku shi ba. Ya fi gidan gurzar auduga na Funtua tsawo, mutanen ciki kuma kamar ranar kasuwa. Na ɓata a cikinsa ba sau ɗaya ba, domin duk ƙofofin iri ɗaya ne. Abinci ba iyaka amma ba gishiri ba yaji, sai mamanku ta riƙa fito da ɗan kwalin yajinta daga jaka tana barbaɗa mana a ɓoye, har wata Baturiya da ke teburinmu ta roƙa ta ɗanɗana, ta yi ta hawaye tana cewa a ƙara mata. Mun ji daɗi ƙwarai, kada ku ɗauka labarin baƙin ciki nake ba ku.

Ana saura kwana biyu mu isa Turkiyya, Talatu ta zaunar da mu bayan abincin rana ta ce akwai shawarar da za a yanke.

"Baba, hanya biyu ce zuwa Afisa. Akwai motar jirgi, babbar bas cike da mutane, jagora ɗaya da tuta a hannu, kowa na binsa da sauri. In motar ta makara jirgi zai jira ta, don tasu ce. Akwai kuma jagora ta kanmu da ƙaramar mota, mu uku kawai. Ita za ta bi tafiyar Mama. Amma in mu muka makara, jirgi ba ruwansa da mu."

"Na san irinsu," na ce. "A bakin kasuwar Funtua suke tsayawa, su karɓe maka buhu tun ba ka sauko daga mota ba."

"Ba dillaliya ba ce, Baba. Tana da izinin gwamnati, kuma na karanta abin da waɗanda ta yi wa aiki suka faɗa a kanta. Mama ba za ta iya gudun masu tuta ba. Da wannan kuwa mota tamu ce ranar, inda muka ce a tsaya nan za a tsaya."

To, a nan zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa ba. Talatu ta zaɓi jagorar saboda gwiwar mamanta. Ni na yarda ne saboda maganar ƙarshen nan. Mota da direba, ni ne mai cewa a tsaya, a ƙasar Turawa. Tun da muka bar gida 'yata ce ke riƙe da takardu, ita ke magana da ma'aikata, ita ke nuna mini inda zan zauna, ni da nake ba da umarni a gona tun ina saurayi. Na ji ga rana ɗaya da zan koma maigida. Zancen cewa jirgi ba ya jira kuwa, dariya na yi a raina. Duk rayuwata ina shiga mota tsakanin Funtua da Malumfashi. In ka ɗora kayanka a mota, ka ajiye hularka a kujera, ko cin abinci ka tafi sai ɗan kamasho ya biyo ka har rumfa. Direba zai yi ta hon, fasinjoji su yi ta tsaki, amma ba a tashi da kayan mutum a bar mutum. Ban taɓa gani ba. Mu kuma ga akwatunanmu a ɗaki, ga takalmana a ƙarƙashin gado. Na ɗauka tsoratarwa ce irin ta masu tasha.

Ranar da muka isa, mamanku ta riga kowa tashi. Ta ɗaura zanen zumunta, ta kafa ɗankwali, ta sha ruwan ɗumi saboda murya. A bakin tashar jiragen muka tarar da jagorar riƙe da takarda mai sunana. Mace ce mai matsakaicin shekaru, da wando da gajeren gashi, ta ce sunanta Amina da irin furucinsu. Kafin ta ce komai sai da ta dubi tafiyar mamanku, ta buɗe bayan mota ta fito da wata sanda da ake buɗewa ta zama kujera. Ta yi bayani da Turanci, Talatu tana mayar mana. Ta ce garin a kan gangare yake, yana da ƙofa biyu. Za mu shiga ta sama mu riƙa gangarowa a hankali, dandalin yana can ƙasa kusa da ƙofa ta biyu, a nan mota za ta jira mu. Ta ce mun yi sammako, za mu riga manyan motoci da zafin rana, Mama za ta sami dandalin kusan ba kowa. Mamanku ta ce wa Talatu, "Gaya mata Allah ya yi mata albarka."

Muka kama hanya. Itatuwan zaitun, gonakin ɓaure, tuddai. Ina gaba kusa da direba, na miƙe ƙafa. Muna sauka wani fili sai na ga fari fat har iyakar ganina. Auduga. Ku da kuka tashi a gidan manomin auduga kun san abin da zan ji. Amma ba irin tamu ba ce. Gajera ce, ba ta wuce gwiwa ba, ba ganye ko ɗaya a jikinta, kuma duk ta buɗe lokaci guda kamar an yi mata umarni. A tsakiya ga wani inji kamar ɗaki yana tafiya yana haɗiye ta, aikin da mata ashirin za su wuni suna yi.

"A tsaya," na ce.

Direba ya dubi Amina. Ta yi murmushi ta ce ba laifi, a ɗauki hoto a wuce. Ni kuwa kafin a fito da waya na tsallake lambatu na shiga gonar mutane da kaftanina. Mai gonar wani dattijo ne mai gashin baki da hular hana-salla, yana zaune a inuwar tarakta. Na yi masa sallama, ya amsa kamar a gida. Na tsinki auduga na ja zaren tsakanin yatsuna in ga tsawonsa, na ciro guryar na gatsa. Yana ganin haka ya miƙe ya kama hannuna ya juya shi yana dubawa, ya ɗora nasa a kusa. Hannu iri ɗaya. Ya ƙwala wa matarsa kira a kawo shayi.

Hirar da muka yi hira ce mai tsawon hanya. In yi tambaya da Hausa, Talatu ta mayar Turanci, Amina ta mayar yarensu, dattijo ya amsa, amsar ta biyo hanyar da ta bi ta dawo. Duk da haka ba abin da ban tambaya ba. Yaushe suke shuka, yaya suke ban ruwa, me ke sa ganye ya zube rana ɗaya, da me suke kashe tsutsa. Shi ma ya tambaye ni, da na ce da hannu muke tsinka sai ya ce haka ya tashi ya ga uwarsa tana yi, har idonsa ya kawo ruwa. Da muka zo kan masu sayen auduga da sikelinsu ba mu buƙaci tafinta ba, ya kwaikwayi yadda suke yamutsa fuska su ce kaya sun jiƙe, na yi dariya har hulata ta faɗi. Shayin a ƙananan kofunan gilashi ne, ba madara. Ni a saninmu ba a tashi a bar abin da mai gida ya zuba maka. Su kuma ashe in kofi ya zama fanko sai a sake cikawa. Ina shanyewa don in tashi, yana cikawa don kada in ce ya yi rowa.

Talatu ta matso ta rage murya.

"Baba, Mama na jira."

"Afisa ta shekara aru-aru a wurin nan, ba yau za ta gudu ba."

Haka na ce mata, har ina jin na yi magana mai ma'ana. Daga nan aka hau da ni kan injin, na zauna kusa da mai tuƙawa muka kai ƙarshen gona muka dawo. Daga can sama na hango mamanku ta fito daga mota ta zauna a kan kujerar sandan nan a gindin ɓaure, matar dattijon ta kai mata 'ya'yan itace a faranti. Na kuma hango manyan motocin jirginmu, waɗanda muka baro a tasha, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na gan su sarai. Da na sauko, abin da mamanku ta ce kawai shi ne, "Maigida, rana tana yi." Dattijon ya cika mini aljihu biyu da auduga, muka rungumi juna kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Wannan shi ne laifina na farko, kuma da a nan na tsaya da an gyara. Muna shiga mota Amina ta juyo ta ce lokaci ya tafi, a canza shiri. A wuce kai tsaye ƙofar ƙasa, dandalin yana kusa, Mama ta yi waƙarta tukuna, abin da ya rage na lokaci a ga abin da ya samu. Duk mai hankali zai ga wannan ita ce shawara. Ni ma na gani. Amma in na yarda, na yarda ke nan cewa na ɓata lokaci, kuma mace ce baƙuwa ta gyara mini a gaban matata da 'yata.

"An ce daga sama za a fara, daga sama za a fara," na ce. "Ba mu ƙetaro teku don mu ga rabin gari ba."

Amina ta ce a tambayi Mama, tun da ita ce mai waƙar. Mamanku ta dube ni, ta dubi titi.

"Yadda maigida ya ce."

Talatu ta mayar da maganar Turanci kanta a ƙasa. Wannan shi ne laifina na biyu.

Afisa ta yi kyau, ba zan rage mata komai ba. Tituna na farin dutse, sun yi santsi saboda takun mutane, har da sawun ƙafafun keken doki. Ginshiƙai a tsaye, wasu a kwance, kyanwoyi suna barci a kansu. Amina ta iya ba da labari, ta ce nan kasuwa ce, nan gidan wanka, nan wurin shari'a, sai ka ji kamar mutanen sun fita ne za su dawo. Ta kai mu wani wuri mai dogon benci na dutse da ramuka a jere, ta ce bayan gida ne na manyan gari, a nan suke haɗuwa su yi hira.

"A jere?" in ji mamanku. "Da hakimi da alƙali, kowa na kallon kowa?"

Ta yi dariya har sai da aka buɗe mata kujera. Amma mutanen manyan motoci sun riga sun cika wurin, rana ta take, dutsen yana zamewa. Kowane ɗan taku sai ta tsaya. Amina ta riƙe hannunta tun daga sama har ƙasa, tana nema mata inuwa, tana tare mata masu tuta, kuma ko sau ɗaya ba ta dube ni da fuskar ai na gaya maka ba. Agogo kawai take kallo. Mamanku tana shafa duwatsu tana cewa, "Ashe da ƙafa suka taka nan, kamar mu."

Da muka wuce wani dogon gini mai hawa biyu da aka ce ɗakin karatu ne, muka bi wani miƙaƙƙen titi, sai ga dandalin a damanmu. An sassaƙa shi a jikin tudu kamar rabin ƙwarya, matakala a kan matakala har sama. Mamanku ta tsaya cak. Ga layin mutane a bakin shiga, ga 'yan matakalan da sai an hau kafin a kai tsakiya. Amina ta yi magana a hankali, Talatu ta mayar: in muka shiga, ba za mu sami jirgi ba. Ko yanzu ma sai an yi gudu.

"A shiga," na ce. "Kayanmu na cikin jirgi. Ba za su tashi ba."

"Baba, wannan ba motar Malumfashi ba ce." Ban taɓa jin muryar Talatu haka a kaina ba. "Maganin Mama yana ciki, tikitinmu na komawa yana ciki. In suka tafi, a bakin teku za mu kwana."

Na buɗe baki zan amsa, mamanku ta ɗaga hannu. Ta gyara ɗankwalinta, ta daɗe tana kallon matakalan nan.

"Na gan shi," ta ce. "Mu tafi."

Direban nan ya yi tuƙin da ko direbobin Danja sai su sara masa. Amina tana ta waya da mutanen tasha, kafin mu isa an tanadi keken marasa lafiya a bakin ƙofa. Mamanku ta rungume ta da sauri, ni ko godiya ban tsaya yi mata ba. Daga ƙofa zuwa jirgi tafiya ce mai tsawo. Talatu ta tura keken a guje, ni ina biye na tattare kaftani, auduga tana zubowa daga aljihuna. Mutanen jirgi sun fito kan barandunansu suna tafi suna fito, mamanku kuwa ta gyara zama tana ɗaga musu hannu kamar matar gwamna. Muna sa ƙafa aka janye gadar hawa. Ina tsaye ina haki a jikin ƙarfe sai na hango wasu Turawa biyu, mata da miji, sun taho da ledojin tsaraba suna ɗaga hannu. Ruwa ya riga ya shiga tsakaninmu da su. Kayansu na ciki, kamar namu. Ba wanda aka aika ya nemo su, ba wanda ya ce a dakata. Na ga suna ƙanƙancewa har suka ɓace.

Da yamma mamanku ta ci abincinta da yajinta, ta yi ta ba Baturiyar teburinmu labarin keke da hannu da ido, ana dariya. Da muka koma ɗaki ta ninke zanen zumunta ta sa a ƙasan akwati. Ni kuwa na yi kamar barci nake ji.

Laifi na uku shi ne mafi muni, domin shi da gangan na yi. Da muka dawo gida mata suka cika tsakar gida da tulu da caki, Mama Asabe ta ce a fito da waya. Mamanku ta buɗe baki, na riga ta. Na ce jagorar da aka haɗa mu da ita ce ta yi ta yawo da mu, ba ta san lokaci ba, har muka kusa rasa jirgi. Mata suka yi ta Allah wadai da matar da ba su sani ba. Mamanku ta dube ni sau ɗaya, ta tashi ta ce bari ta kawo wa baƙi ruwa. A majalisarmu ta manoma kuwa, gindin ɗorawar bakin titi, labarin daban ne. A can gonar dattijo nake bayarwa, kuma kullum tana ƙara faɗi, kofunan shayi suna ƙaruwa, har ta kai ina cewa kusan wuni na yi a ciki. Guryar da na kawo na shuka a bayan gida, ta fito da kyau, awakin maƙwabta suka cinye, wannan ma ya zama labari. Kun san zamanmu, maza a waje, mata a ciki. Labari biyu suka zauna a gida ɗaya ba su taɓa haɗuwa ba, ni kuma na saki jiki.

Ranar bikin autarmu suka haɗu. Abokina Alhaji Sule na Danja, wanda yake sayen audugata tun muna da ƙarfi, ya ce sai ya shiga ya yi wa uwar amarya barka. Na raka shi. Matan zumunta suna zaune kewaye da ita. Aka gaisa, sai ya ce:

"Maman Talatu, ke ma kin ga gonar nan ta Turkiyya da Malam Dauda ya wuni a ciki? Ni fa har na haddace ta."

Matan suka dubi juna.

"Wace gona, Alhaji?" in ji Mama Asabe.

Bawan Allah bai san komai ba. Ya gyara tsayuwa ya ba su labarin tun daga tsallake lambatu har hawan inji, da irin gishirin da ni na zuba, ina ta taka masa ƙafa yana matsawa. Da ya gama, Mama Asabe ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam Dauda, ashe jagorar taku auduga take nomawa."

Aka fashe da dariya, har masu tuƙa tuwo a bayan ɗaki. Da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Mamanku ma ta yi dariya, sannan ta ce, "Ku bar mini shi. Gonar ta yi kyau, ni ma na gani." Wannan maganar ita ce ta kayar da ni. Matar da na hana abin da ta ƙetare teku dominsa, na kuma sa ta zauna da ƙaryata a bakinta tsawon wannan lokaci, ita ce ke tare mini. A zaure Alhaji Sule, da ya gane abin da ya faru, ya riƙe hannuna ya ce, "A gaban mata ka ɓata, Malam. Kada ka je ka gyara a ɗaki."

Ban yi nan da nan ba, girman kai ba ya fita rana ɗaya. Na fara da mai sauƙi, na sa Talatu ta nemo Amina a waya ta ba ta haƙuri a madadina, ta gaya mata abin da na faɗa a kanta. Aka ce ta yi dariya ta ce ta tuna da mu, kuma duk ranar da Mama ta dawo za ta kai ta dandalin kafin kowa. Amma kun san gwiwar yanzu, ko Funtua sai da dabara. Afisa ba za ta sake yiwuwa ba, kuma ni na jawo.

Sai ranar taron zumunta, da la'asar, na yi wanka na sa kaftanin coci na tafi. Ina isa bakin ƙofa na ji muryarta tana ba da waƙa, mata suna amsawa. Mai tulu ce ta fara ganina, hannunta ya tsaya, sauran suka bi. Namiji ba ya shiga wannan taro sai fasto. Na cire hula na taka har gaba. Na gaishe da Mama Asabe, na gaishe da mata. Sannan na juya wurin mamanku na durƙusa, na kira ta da sunanta, abin da ban yi a gaban mutane ba tun muna ango da amarya.

"Rifkatu, waƙarku aka ba ni amana, na tsaya shan shayi a gonar wani. Aka nuna mini hanyar gyara, na ƙi don kada a ce mace ta fi ni. Na dawo na ɗora wa baiwar Allah laifi, na bar ki da shiru. Ba ni da abin da zan mayar miki da shi. Ki yafe mini."